Gajerun Itatuwan Ƙasar Ƙanƙara, Da Yadda Su Ke Tsufa

A shekarar 1906 wani ɗan itace ya mutu a Utsjoki, can ƙarshen arewacin ƙasar Finlan. Ba wanda ya kula da shi, gama ba shi da inuwar da za a zauna, ba shi kuma da kaurin da za a sassaƙa turmi, faɗin gindinsa duka kamar santimita 10 ne. Ya bushe nan inda ya ke, sanyin wurin ya hana shi ruɓewa. Bayan shekara ɗari da 'yan kai sai waɗansu masana na Jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, tare da abokan aikinsu na Finlan, suka yanki guntunsa suka kai ɗakin bincike. Da suka ƙidaya zobban da ke cikinsa sai suka sami 1,647, kowane zobe kuwa shekara guda ne. Watau zoben farko ya fito a shekarar 260, fiye da shekara ɗari uku ke nan kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na ƙarshe kuma ya fito shekara uku bayan Turawa sun ci Kano. An bayyana wannan bincike a 2025. Sunan itacen a wurin masana Juniperus communis.

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga dalilin da ya sa na kawo muku wannan labari. Kusan dukanku za ku tsaya gaban yara ku koya musu cewa kowane mai rai a kan haife shi, ya girma, ya tsufa, ya mutu. Haka mu ma aka koya mana. Farkon maganar da ƙarshenta ba su da gardama, mutuwa ba makawa. Amma kalmar nan ta uku, tsufa, daga jikin mutum da akuya muka ɗauko ta, muka ɗora wa tsiro ba tare da mun tambaya ko ta yi masa daidai ba. Gajerun itatuwan ƙuryar arewacin duniya su ne wurin da ya fi kyau a gwada ta, don a nan ne za a ga inda ta ke gurguncewa.

Ƙasar da su ke tsirowa

In ka dubi taswirar duniya za ka ga wani layi ya kewaye ta ta can sama, wajen digiri 66 da rabi arewa. Ƙasashen da ke kusa da layin nan da bayansa su a ke kira Atik: arewacin Kanada da Alaska, da Girinlan, da arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, da bakin tekun Sibiriya ta Rasha. Manyan itatuwa kan ƙare ne a wajen inda ɗumin watan Yuli, in an daidaita shi, ba ya wuce digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan sai fili fetal, wanda a ke kira tundura. A yawancin wuraren ƙasa a daskare ta ke shekara da shekaru, sai ɗan samanta kaɗai kan narke lokacin ɗumi, a wani wuri kamu guda, a wani wuri kamar mita. Saiwa ba ta da ikon nutsewa ƙasa da nan. Lokacin da tsiro zai yi toho, ya yi fure, ya zuba 'ya'ya bai fi wata biyu zuwa uku ba. A tsibiran Svalbard, wajen digiri 78, rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, sa'an nan daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu ba ta fitowa sam.

Itatuwan da ke nan a kwance su ke. Akwai Salix arctica, wanda ya fi kowane itace kusantar ƙarshen arewa, har a gaɓar arewacin Girinlan, wajen digiri 83, a kan same shi. Da wuya tsawonsa ya wuce taƙi guda, rassansa kuwa rarrafe su ke yi bisa ƙasa kamar yaɗon kabewa. Akwai namiji akwai mace, kamar dabino. An taɓa samun guda a gabashin Girinlan mai shekara 236. Akwai ɗan'uwansa Salix herbacea, wanda abin da ke fitowa sama nasa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, saura duk yana ɓoye cikin ƙasa da gansakuka. Akwai Dryas octopetala mai farin fure, da Cassiope tetragona mai ƙananan ganye jere huɗu, wanda mutanen Inuit kan hura wuta da shi saboda ƙaron da ke jikinsa.

Me ya sa ba su miƙewa tsaye? Dusar ƙanƙara ce bargonsu. Abin da ta rufe lokacin ɗari ya tsira, gama ƙarƙashinta sanyi bai kai na sarari ba. Reshen da ya kuskura ya leƙo samanta sai iska ta yi ta yayyafa masa tsakuwar ƙanƙara, ta kankare shi, ta kuma busar da shi, alhali saiwa na cikin daskararriyar ƙasa ba ta iya aiko masa da ruwa. Saboda haka zurfin dusar wuri shi ne iyakar tsawon itacen wurin. Kun ga ke nan tun daga nan girma ya daina zama shaidar shekaru.

Yadda a ke gane shekarunsu

Ƙarƙashin ɓawon kowane itace akwai wani siririn sashe mai rai, shi ke ƙara sabon nama a jikin itacen. Inda a ke da lokacin girma da lokacin hutu, naman kowace shekara kan bar alama kamar zobe. Wanda ya mayar da karatun zobban nan ilmi mai ƙa'ida shi ne wani Ba'amurke, Andrew Douglass, masanin taurari, wanda ya kafa ɗakin binciken zobban itace a Jami'ar Arizona a 1937.

A manyan itatuwa ƙidayar da sauƙi. A waɗannan gajeru kuwa aiki ne ja. Ku ɗauki alli ku yi lissafin itacen Utsjoki. Ko da mun ba shi faɗinsa duka, milimita 100, muka raba da 1,647, abin da ya ƙara kowace shekara bai wuce kashi 6 cikin 100 na milimita guda ba. Bai kai kaurin takardar da ku ke riƙe da ita ba. Ido ba ya ganin irin wannan. Sai an fere itacen siriri ƙwarai har haske na ratsa shi, a rina shi, a sa ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Ba nan wahalar ta tsaya ba. A shekarar da ɗumi ya yi ƙaranci itacen kan yi zobe a gefe guda kaɗai, ko kuwa ya yi a reshe ya ƙi yi a gindi. Wanda ya yanki wuri guda ya ƙidaya sai ya zaftare wa itacen shekaru bai sani ba. Don haka a kan yanka shi wuri wuri, daga saiwa har kan reshe, a gwama. Sa'an nan a gwama shi da na maƙwabta, don shekarar da ta yi wa ɗaya tsanani ta yi wa duka. Jerin zobba masu faɗi da matsattsu kamar hatimi ne. In jerin da ke bakin mataccen itace ya dace da wanda ke tsakiyar mai rai, to, an gane shekarar da mataccen ya mutu. Ta haka aka san 1906 ce, ko da ya ke ba wanda ya tsaya a kansa ran da ya mutu. Akwai ma shekarun da suka bar tabo a ƙasashe da yawa gaba ɗaya. Wani dutse a ƙasar Peru, Huaynaputina, ya yi aman wuta a 1600, ƙurarsa ta rage hasken rana, lokacin ɗumi na 1601 ya zo da sanyin da ba a saba gani ba, alamarsa kuwa tana nan a jikin itatuwan arewa har yau.

Shi Cassiope wata hanya gare shi mai ban sha'awa. Ganyensa kan daɗe manne da reshe ko bayan ya bushe. Waɗanda suka fito farkon lokaci da ƙarshensa gajeru ne, na tsakiya sun fi tsawo. In ka bi reshen daga kai zuwa gindi sai ka ga gajere, dogo, gajere, dogo, kowane tashi da sauka shekara guda, kamar mai jan carbi.

Wane ne itacen?

Yanzu mun zo ga abin da ya fi wuya, ina so ku natsu. Akuya guda ce, ba mai gardamar inda ta fara da inda ta ƙare. Amma ku je bayan ɗakin kwana ku dubi gindin ayaba. Karan da ya yi nono a kan sare shi, ya mutu ke nan, amma kafin nan 'ya'ya sun riga sun fito a gefensa daga tushe guda. Bayan shekara ashirin ba ko ɗaya daga karan farko, ayabar kuwa tana nan. To, ta mutu ko ba ta mutu ba? Shekarunta nawa, na karan da ke tsaye ko na tushen?

Haka yawancin gajerun itatuwan nan su ke. Reshe na rarrafe, inda ya taɓa ƙasa mai laima sai ya yi saiwa. A kwana a tashi tsohon gindin ya ruɓe, reshen ya zama mai cin gashin kansa, shi ma ya miƙa nasa rassan. Dryas kan shimfiɗu kamar tabarma, tsakiya ta mutu, baki ya yi ta ci gaba. Wani masani na Biritaniya, John Harper, shi da abokin aikinsa, suka raba abin gida biyu a shekarun 1970, kowane da sunansa. Mu a nan bari mu ce asali da rassa: asali shi ne duk abin da ya fito daga ƙwayar iri guda, ko ya rabu gida ɗari, rassa kuwa su ne ɓangarorin da kowane ke iya rayuwa shi kaɗai. Zobba shekarun reshe kaɗai su ke faɗi. Itacen Utsjoki ya yi suna ne don shi gindi guda ne tun farko har ƙarshe, ana iya ƙidaya shi zobe zobe. Amma wanda tsohon gindinsa ya riga ya zama ƙasa fa?

Waɗansu masana na Jami'ar Basel ta Suwizalan sun ɓullo wa abin ta wata hanya, suka bayyana a 2012. Suka auna fili, suka tsinki ganye a jere a jere, suka binciki ƙwayoyin gado na kowane ganye, don su san waɗanne ne 'yan asali guda. Da suka gane faɗin kowane asali, sai suka raba da ɗan abin da ya ke rarrafawa a shekara. Suka ƙiyasta cewa akwai Salix herbacea mai shekara 450 a ƙalla, da Dryas mai 500, da wani mai shuɗin 'ya'ya, Vaccinium uliginosum, mai shekara 1,400. Ku lura, wannan ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, ya kuma dogara ga ɗaukar cewa saurin rarrafen bai sāke sosai ba cikin ƙarnukan nan. Malami nagari ya kan nuna wa yara bambancin ƙidaya da ƙiyasi. Amma dai ko an rage, ga tsiro wanda ba wani sashe na jikinsa da ya wuce 'yan shekaru gommai, shi kuwa ya ga ƙarni goma.

Mene ne tsufa?

Yawan shekaru dabam, tsufa dabam. Abin da masana ke nufi da tsufa shi ne lalacewar jiki sannu sannu, har ya zama kowace shekara haɗarin mutuwa ya fi na bara, haihuwa kuma tana raguwa. Wanda ya fara sa wannan cikin lissafi shi ne Benjamin Gompertz, mai yi wa kamfanin inshora lissafi a Landan, a 1825. Abin da aka tabbatar a bayansa shi ne, in mutum ya wuce kamar shekara talatin, haɗarin mutuwarsa kan ninka kusan kowace shekara takwas. Saboda haka ɗan tamanin ya fi ɗan arba'in kusa da kabari nesa ba kusa ba, ko da duka biyu lafiya lau su ke a yau.

An daɗe ana zaton duk masu rai haka su ke. A 2014 Owen Jones da abokan aikinsa suka jera lissafin mutuwa da haihuwa na halittu iri 46, har da mutum da dabbobi da tsirrai. Sai ga shi abin ba bai ɗaya ba ne. A waɗansu haɗarin na hawa da shekaru kamar namu, a waɗansu yana nan daram, a waɗansu ma raguwa ya ke yi, kamar wani kunkurun hamada da wani itacen bakin teku.

Tsirran ƙasar ƙanƙara, inda aka bi su aka ƙidaya, sun fi karkata ga kashi biyu na ƙarshe. Lokacin da mutuwa ta fi ɗibarsu shi ne ƙuruciya. Shekaru da yawa iri ba ya ma nuna, don ɗari ya kan riga shi. In ya nuna ya faɗi ya tsiro, ɗan tsiron saiwarsa gajeriya ce, ƙasa kuwa in ta daskare ta kan kumbura, in ta narke ta sauka, sai ta tumɓuke shi ta yar. Kaɗan ƙwarai ke wuce shekarun farko. Amma wanda ya wuce, ya kafu, ya yi faɗi, to, ya fi ƙarfin yawancin abin da ke kashe ƙanana. William Morris da Daniel Doak sun bi wani maƙwabcin itatuwan nan a Alaska, Silene acaulis, wanda ke dunƙulewa kamar matashin kai. Suka tarar manyan da wuya su mutu, suka kuma lissafa cewa waɗansu kan wuce shekara 300. Sun buga wannan a 1998.

Dalilin yana cikin ginin jiki. Mutum zuciya guda gare shi, ita zai yi ta aiki da ita har ƙarshe, in ta gaji ba ta biyu. Tsiro kuwa a kan kowane reshe da cikin kowane ido akwai 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda ba su gama zama komai ba, kullum a shirye su ke su fito da sabon ganye, ko reshe, ko saiwa. Shi ya sa guntun karan rogo ke zama sabon rogo. Yawancin jikin tsohon itace ma matacce ne, rai na can a ɗan siririn sashen nan na ƙarƙashin ɓawo, wanda a ke sabuntawa kowace shekara. Tsofaffin Juniperus sau da yawa za ka ga gefe guda ya mutu ya yi fari, sai wani ɗan zirin ɓawo kaɗai ke kai ruwa daga saiwa zuwa reshe guda mai ganye, a haka zai ƙara shekaru masu yawa. Ga shi kuma sanyi na rage ƙarfin ruɓa da ƙwari, jinkirin girma na sa naman itacen ya yi tauri. Abin mamaki, wahalar wurin ita ce ke tsawaita kwanansu. Ɗan'uwansu da ya sami ƙasa mai daɗi a kudu ya kan yi saurin girma, amma ba ya kai shekarunsu.

Kada fa ku fita daga nan ku ce malam ya ce itatuwan nan ba su tsufa sam. Reshe guda kan tsufa: in ya yi tsawo hanyar ruwa ta yi nisa, tohonsa ya ragu, furensa ya ragu, ya mutu. Shi asali kuma akwai alamar cewa ba ya tsira sarai. Duk sa'ad da ƙwayar halitta ta rabu biyu a kan iya samun ɗan kuskure wajen kwafar abin gado, kurakuran nan kuwa taruwa su ke yi. A 2010 Dilara Ally da abokan aikinta suka binciki wani dogon itace na yammacin Kanada, Populus tremuloides, ɗan dangin Salix ne, shi ma ta saiwa ya ke yaɗuwa. Suka ga tsofaffin asali garin furensu na namiji ya fi na sababbi yawan lalatattu, ko da ya ke raguwar sannu ce ƙwarai. Ni dai abin da na ke gani ya fi daidai a faɗa wa yara shi ne: a irin waɗannan itatuwa tsufa na kama ɓangarori, amma yana tafiyar hawainiya a kan asali, har galibi wani abu daga waje ya kan riga shi isowa.

Abin da ke kashe su

Wane abu ne wannan daga waje? Akwai masu ci. Barewar arewa, da wata irin saniyar daji mai dogon gashi, da fararen zomaye, da ɓerayen tundura duk kan yi kiwo a kansu. Akwai ma wata tsutsa mai gashi a Girinlan da Kanada da ke cin ganyen Salix arctica 'yan makonni kaɗai a shekara, sauran lokacin a daskare ta ke, har sai ta yi kamar shekara bakwai kafin ta yi fiffike. Amma kiwo da wuya ya kashe babban asali, aski ne kawai, ya sāke tohowa. Akwai zaizayar ƙasa da gangarowarta a jikin tudu lokacin narkewa, ita kan binne shi ko ta tsinke saiwa.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne masu zuwa farat ɗaya. A tsakiyar shekarun 1960 tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai tashi da dare, Epirrita autumnata, ta cinye ganyen itatuwa a fili mai faɗi a nan Utsjoki ɗin, da yawa ba su sāke tohowa ba. Abin da ke riƙe da ƙwaron nan shi ne ɗari, gama ƙwansa kan mutu in sanyi ya kai wajen digiri 36 ƙasa da sifiri. A 2007 gobara ta tashi kusa da kogin Anaktuvuk a arewacin Alaska, ta ci fiye da murabba'in kilomita 1,000 na tundura, wurin da ba a saba ganin babbar gobara ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro kuwa ba wuta ba ne, ba ƙwaro ba, ɗumi ne a lokacin da ba nasa ba. A watan Disamba na 2007 ɗin nan iska mai ɗumi ta sauka arewacin Norwe da Suwidin na 'yan kwanaki. Dusar ƙanƙara ta narke, bargo ya yaye, itatuwa suka ji ɗumi suka fara farkawa. Sai ɗari ya komo ya same su tsirara. Da lokacin toho ya yi sai aka ga rassan wani gajeren itace mai baƙaƙen 'ya'ya, Empetrum, sun bushe sun yi ja. Hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna koren ƙasa ya ragu da kamar kashi 26 cikin 100 a fili fiye da murabba'in kilomita 1,400. Kun ga itacen da ya jure wa ɗari shekara ɗari, 'yan kwanaki na ɗumi suka gama da rassansa.

Irin waɗannan abubuwa ba shekarun itace su ke tambaya ba, shi ya sa mu ke cewa mutuwarsu daga waje ta ke zuwa. Kuma abubuwan nan ƙaruwa su ke yi. Wani bincike na masanan Finlan da Norwe da aka buga a 2022 ya nuna cewa daga 1979 ƙasashen Atik sun ɗumama kusan ninki huɗu na yadda duniya baki ɗaya ta ɗumama. Ba duka itatuwan ne ke hasara ba. A 2001 Matthew Sturm da abokan aikinsa suka gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a arewacin Alaska wajen 1948 zuwa 1950 da waɗanda suka sāke ɗauka a wuraren bayan shekara hamsin, suka ga masu ɗan tsawo sun ƙaru sun cika kwaruruka. Amma in masu tsawo suka yi yawa sai su yi wa masu rarrafe inuwa, su kuwa ba su iya miƙewa su yi takara. Tsiron da zai ɗauki shekara ɗari kafin ya rarrafa 'yan taku, wanda kuma 'ya'yansa ba su kafuwa sai a shekara mai dacewa, ba shi da saurin ƙaura zuwa inda sanyi ya koma. In babban asali ya mutu, ba a mayar da irinsa cikin rayuwar mutum guda.

Ga wanda zai koyar da wannan

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da abin nuna wa yara kusan kowane mataki na darasin nan da idonsu. Ku kai su gindin ayaba ku sa su yi gardama a kan shekarunta, kada ku yi saurin raba musu. Waɗanda suka fito daga arewa ku tambaye su labarin sabara da kalgo, waɗanda manomi ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona, su kuwa su toho daga kututturen nan dai. Reshen ɗan shekara guda ne, saiwar mai yiwuwa ta girmi manomin. In an sare wani itace mai zubar da ganye da rani, ku roƙi kafinta ya goge muku faifan gindinsa, yara su nemi zobba. Ku gargaɗe su tun da wuri cewa a ƙasarmu ba kowane itace ke yin zobe ɗaya a shekara ba, waɗansu ba su yi sam, waɗansu kan yi na ƙarya in ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina.

Aikin da ya fi duka amfani shi ne wannan. Da farkon damina ku zaɓi wani ɗan fili a gefen gonar makaranta inda ba a noma, ku sa yara su kafa tsinke kusa da 'yan tsiron itace guda ɗari da suka fito da kansu, kowane da lambarsa. A rana guda kuma su zaɓi manyan itatuwa ashirin su rubuta. Kowace Jumma'a a zaga a ƙidaya masu rai, a rubuta a littafi, in an gane abin da ya kashe wani a rubuta shi ma, ko akuya ce, ko gara, ko fari, ko ƙafar mutum. A ci gaba har rani ya wuce. Littafin kada ya bi malami in an sāke masa makaranta; a bar shi a hannun hedimasta, don 'yan ajin baɗi su ɗora daga lambar da aka tsaya.